Wane masta za ka ɗaura idan ka cire wa mota busta?

Shekarun baya na riƙe wata tsohuwar a-kori-kura ta kawuna, wadda bustar birkinta, wato abin da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi idan an taka birki, ta yage. Da ka taka feda sai ka ji "fuuu" kamar ana sace iskar taya, inji ya kama karkarwa kamar zai mutu. Bakaniken da muka kai wa bai ɓata lokaci ba. Ya zare tiyon da ke zuwa daga inji, ya cusa tsohon filogi a bakinsa, ya ɗaure da waya, ya ce, "Malam, ta koma birkin ƙafa ke nan, sai dai ka riƙa takawa da ƙarfi." Ƙarar ta ɗauke, inji ya daidaita, amma feda ta zama dutse. Ranar da wani yaro ya koro awaki ya ratsa titi a gabana, sai da na ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, na ɗaga jikina daga kujera na tsaya a kan fedar, motar kuwa tana ta silalewa a hankali. Allah ya kiyaye, ta tsaya saura ƙiris. Na koma gareji gwiwoyina na rawa. Shawarar da aka ba ni ita ce, "A sa mata babban masta, irin na manyan motoci, zai fi kamawa." Masta shi ne famfon da feda ke dannawa ya tura man birki zuwa tayoyi. Muka saya muka ɗaura. Fedar ta ƙara tauri, tsayuwar ta ƙara nisa.

Na daɗe ban gane dalili ba, domin hankali yana ba mutum cewa babba ya fi ƙarami ƙarfi. A harkar masta abin a juye yake, kuma wannan juyin shi ne tushen duk maganar da zan yi.

Cire busta da gangan sana'a ce mai zaman kanta a Amurka da Ingila da Ostareliya, wurin masu gyara tsofaffin motoci da masu tsere. Dalilansu sanannu ne. Wani ya cusa katon inji a ƙaramar mota, busta ta tare masa wuri. Wani ya sa kamshaf na tsere, wato sandar da ke buɗe bawul ɗin inji, wanda ke rage zuƙar iskar da inji ke yi idan yana silo, busta ta rasa abin da za ta yi aiki da shi, birki ya riƙa kamawa yau gobe ya ƙi. Wani kuma so yake ƙafarsa ta riƙa jin abin da taya ke yi kai tsaye, ba tare da wani ɗan tsakani ba. Motocin Formula 1 ba su da busta. McLaren F1 ta shekarun 1990 ba ta da ita, haka Lotus Elise ta farko da ta fito a 1996. Mu a nan yawanci larura ce ke kai mu: bustar ta mutu, sabuwa ta yi tsada ko ta ɓace a kasuwa. Amma lissafin ɗaya ne, ko a Kalifoniya kake ko a Panteka.

Bari mu fara da abin da ake cirewa. Busta ita ce wannan baƙin kwanon da ke tsakanin feda da masta. A cikinta akwai faifan roba da ya raba ta gida biyu. Inji yana zuƙe iskar da ke ciki, ka taka feda, sai wani bawul ya buɗe wa iskar waje ta shiga gefe ɗaya, ta tura faifan. Ka ɗauki busta mai faɗin inci 8, wato kimanin milimita 200. Fuskar faifanta ta kai murabba'in santimita 314. Idan bambancin matsin da ke tsakanin gefen biyu ya kai kilo 0.6 a kan kowane murabba'in santimita, abin da lafiyayyen injin fetur ke bayarwa, faifan zai tura da ƙarfin kusan kilo 190. Wannan kyauta ce da inji ke ba ƙafarka a kowane taku. Mai faifai biyu kuwa ta kusa ninka haka. Ranar da ka toshe tiyo, kilo 190 ɗin nan sun tafi, kuma dole wani abu ya biya su.

Manyan wurare biyu ne za su iya biya cikin sauƙi: tsawon hannun feda, da faɗin ramin masta.

Masta sirinji ne, ba wani abu ba. Fistin ne a cikin rami, yana tura man birki cikin fayif zuwa tayoyi. Ƙa'idar da yake aiki da ita ta Blaise Pascal ce, Bafaranshen da ya rasu a 1662: matsin da ka yi wa ruwa a rufaffen wuri yana isa ko'ina daidai wa daida, kuma girman matsin shi ne ƙarfin da ka sa, a raba shi da faɗin fuskar da ka danna. Duk wanda ya taɓa riƙe sirinji ya san wannan a hannunsa. Toshe bakin ƙaramin sirinji da yatsa ka danna, za ka ji ruwan na neman huda maka fata. Yi haka da babban sirinjin da ake ba dabbobi magani, da ƙarfi iri ɗaya, za ka ji matsin bai kai ba, duk da cewa ruwan da yake ɗauka ya fi yawa. Babban masta yana tura mai da yawa da matsi kaɗan. Ƙarami yana tura mai kaɗan da matsi mai yawa.

Yawanci ana auna ramin masta da inci, kuma sau da yawa lambar tana jikinsa a rubuce. Waɗanda aka fi cin karo da su: 3/4 shi ne milimita 19.05, fuskarsa murabba'in santimita 2.85. 7/8 shi ne milimita 22.2, fuskarsa 3.88. 15/16 shi ne milimita 23.8, fuskarsa 4.45. Inci 1 shi ne milimita 25.4, fuskarsa 5.07. Sai 1 da 1/8, milimita 28.6, fuskarsa 6.41. A lura da yadda fuska ke gudu ta bar faɗi a baya. Tsakanin 7/8 da inci 1 milimita 3 ne da ɗoriya, abin da ido ba zai kama ba idan an ajiye su a kan teburin mai sayar da kayan gyara, amma fuskar ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100. Shi ya sa "ai kusan ɗaya ne" ba magana ba ce a nan.

Nawa ake nema? Tsayuwar gaggawa a mota mai birkin faifai tana son matsi tsakanin psi 800 zuwa 1,200, psi kuwa shi ne ma'aunin da ake auna iskar taya da shi. Don a gane girman abin, iskar da mai faci ke sa wa tayar ƙaramar mota psi 32 ce ko kusa da haka, wato ana maganar ninki 30 da wani abu. Ƙafa kuma nawa za ta iya? Ƙa'idojin gwajin birki na Turai da na Amurka sun tsayar da iyakar ƙarfin da za a nema daga ƙafar direban ƙaramar mota a niyuton 500, kusan nauyin buhun siminti ɗaya. Masu wannan aiki sukan yi lissafi da kilo 45. In kana so ka ji kilo 45 a ƙafarka, jingina sikelin awon nauyi da bango, ka zauna a ƙasa ka tokare bayanka, ka danna shi da ƙafa ɗaya har allura ta kai 45. Ba wasa ba ne. Sannan ka tuna ba kai kaɗai ke tuƙa motar ba. Akwai ranar da maiɗakinka ko wani dattijo zai karɓi makulli.

Yanzu mu koma kan a-kori-kurar nan, mu ɗauka mastanta inci 1 ne, fedarta kuma tana ninka ƙarfi sau 4, kamar yadda aka saba a motoci masu busta. Kilo 45 sau 4 ya ba da 180. A haɗa da 190 na busta, 370. A raba da 5.07, an sami kilo 73 a kan murabba'in santimita. In ka ninka da 14.2 za ka mayar da shi psi, wato kusan 1,040. Lafiya lau. Cire busta: 180 a raba da 5.07, kilo 35 da rabi, psi 505. Rabin birkin ya tafi. Sai aka kawo babban masta, 1 da 1/8: 180 a raba da 6.41, kilo 28, psi 400. Ga amsar abin da ya ɗaure mini kai shekara da shekaru. Mun biya kuɗi mun sayi ƙarin rauni.

Abin da ya sa mutane ke ruɗuwa shi ne babban masta yana ba da feda mai tsayi, mai tauri, wadda ke kamawa tun daga sama. A tsaye a gareji sai ka ji kamar birki ya yi kyau, har bakanike ya ce maka, "Taka ka ji, Alhaji, kamar sabuwa." Taurin feda daban, ƙarfin tsayuwa daban. Bango ma yana da tauri.

Kafin a taɓa masta, feda ake fara dubawa, kuma nan ne akasarin masu wannan aiki ke tsallakewa. Feda sanda ce mai maƙale a sama, irin yadda ake tokare ƙarfe a ƙarƙashin dutse a ɗaga shi. Kwanta a ƙarƙashin sitiyari da tocila da tef. Auna daga tsakiyar kusar da feda ke lilo a kai zuwa tsakiyar inda ƙafa ke taka. Sannan auna daga kusar nan zuwa fil ɗin da sandar masta ke maƙale. Raba na farko da na biyu. Idan ka sami milimita 300 da 75, fedarka 4 ce. Motocin da aka ƙera ba busta sukan zo da 6, wasu har 7. Don ka mayar da wannan fedar 6, sai ramin fil ya matsa sama daga 75 zuwa 50. Milimita 25 kacal, amma sun ƙara maka rabin ƙarfin da kake da shi. Da yawa daga motocin General Motors na shekarun 1960 sun zo da rami biyu a jikin feda tun daga masana'anta, na sama don mota marar busta, na ƙasa don mai busta, domin feda ɗaya suke ƙerawa su raba wa duka biyun.

Da feda mai 6, kilo 45 ya zama 270. Masta inci 1 zai ba da psi 757, ya kusa amma bai kai ba. 15/16 zai ba da 863. 7/8 zai ba da 990, wato an dawo inda aka baro kafin a cire busta. 3/4 zai haura 1,340. Wannan ne ya sa za ka ji masu gyaran tsofaffin motoci suna ta ambaton 7/8 da 15/16 idan ana maganar birki marar busta a mota matsakaiciya. Daga lissafi lambobin suka fito.

To me zai hana kowa ya ɗauki 3/4 ya huta? Saboda ba a samun komai a banza. Abin da ka samu a ƙarfi, da tafiyar feda za ka biya shi. Kafin birki ya fara kamawa, akwai adadin man da dole ya shiga kalifa, wato mamatsin da ke rungume da faifan birki, ya tura fistin har fad ya taɓa faifai, ya cika kumburin da tiyon roba ke yi, ya rufe ratar da ke tsakanin takalmi da ganga a baya. Wannan adadi ba ya canzawa don ka canza masta. Inci 1 yana tura sisi (cc, ma'aunin da ke jikin sirinji) 5 a kowane milimita 10 da fistinsa ya yi. 7/8 yana tura ƙasa da sisi 4. 3/4 bai kai 3 ba. Haɗa sauyin feda daga 4 zuwa 6 da sauyin masta daga inci 1 zuwa 7/8, za ka ga matsi ya kusa ninkawa, tafiyar feda ita ma ta kusa ninkawa. Fedar da ke kamawa bayan milimita 35 yanzu sai ta yi kusan 70. Da 3/4 za ta haura 90. Fistin masta kuwa yana da iyakar tafiyarsa, yawanci milimita 25 zuwa 35, feda ita ma tana da dandamalin mota a ƙarƙashinta. Idan ɗayansu ya ƙure kafin matsi ya cika, ƙarfin da ka lissafa a takarda ya zauna a takarda.

A ganina, kuskure ta ɓangaren ƙanƙanta ya fi na girma haɗari a rana ɗaya tak: ranar da fayif ya fashe. Masta na zamani gida biyu ne a jere, kowane gida da tayoyinsa, tsarin da dokar Amurka ta wajabta tun ƙarshen shekarun 1960, sauran duniya ta bi. Idan gida ɗaya ya zubar da mai, feda tana faɗawa ƙasa sosai kafin ɗayan ya kama. Dole a bar wa wannan faɗawar wuri. Saboda haka birkin da ke cin fiye da rabin tafiyar feda a takun yau da kullum bai bar maka komai na ranar wahala ba. Kuma tunda maganar ta zo, kada tsufan mota ya sa a ɗaura mata masta mai gida ɗaya don wai shi ne na asali. Tiyo ɗaya ya tsage, duk tayoyi huɗu sun tafi.

Abu na gaba shi ne abin da ke can bakin taya, domin masta ba shi kaɗai yake aiki ba. Tsofaffin motoci masu ganga a tayoyi huɗu sun yi shekaru suna yawo ba busta, saboda birkin ganga yana taimakon kansa: juyawar ganga tana jan takalmin gaba ta ƙara manna shi. Birkin faifai ba shi da wannan hali, duk abin da zai matse da shi daga mai yake zuwa. Volkswagen Beetle, wadda aka haɗa a Legas daga 1975, ba ta da busta, mastanta milimita 19 ne, nauyinta kuma bai wuce kilo 800 da wani abu ba, shi ya sa babu wanda ya yi kuka da ita. Wanda ya cire ganga ya sa faifai a gaba, kuma ya cire busta a lokaci guda, ya ƙara wa ƙafarsa aiki ta fuska biyu.

Ƙarfin matsewar kalifa shi ne matsin mai a ninka da fuskar fistinta. Fistin mai milimita 54 fuskarsa ta kusa murabba'in santimita 23. A matsin kilo 70 zai matse faifai da kilo 1,600, a matsin 35 kuwa 800. Kalifa mai manyan fistin tana ba da ƙarfi da matsi kaɗan, amma tana shan mai da yawa, don haka tana iya tilasta maka 15/16 ko inci 1. Mai ƙananan fistin tana son ƙaramin masta. Wurin ƙirga, idan kalifar mai fistin huɗu ce, biyu na fuskantar biyu, gefe ɗaya kawai ake lissafawa. Mai fistin ɗaya da ke zamewa a kan fil kuma ɗayan nan ake ɗauka. Mutane kan ga fistin huɗu su ɗauka ƙarfi ya ninka huɗu, alhali sau tari jimillar fuskar gefe ɗaya ba ta kai ta tsohuwar kalifa mai katon fistin guda ba. Akwai kuma kalifofin da aka ƙera su riƙa janye fad nesa da faifai don tsimin mai, irin na wasu motocin General Motors na shekarun 1980. Waɗannan suna tafiya ne da masta mai rami hawa biyu, babba na cika rata da sauri, ƙarami na yin matsi. In ka haɗa su da ƙaramin masta na yau da kullum, feda za ta riƙa nitsewa ko sau nawa ka cire iska.

Fad ma yana da bakin magana. A gefen fad mai kyau akwai haruffa biyu, kamar EE ko FF ko GG, na farko kamunsa a sanyi, na biyu a zafi. E yana tsakanin 0.25 da 0.35, F 0.35 zuwa 0.45, G 0.45 zuwa 0.55. Tashi daga EE zuwa GG na iya ƙara kamu da fiye da rabi ba tare da feda ta ƙara tafiyar ko milimita ɗaya ba. A mota marar busta, wannan ita ce riba mafi araha, kuma fad ɗin da ba a san asalinsa ba shi ne asara mafi sauri.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da nake so a tsaya a kai, domin ya fi duk lissafin nan saurin kisa. Juya masta ka dubi bayan fistinsa. Na mota mai busta yawanci ɗan lotsawa ne kawai gare shi, marar zurfi, saboda sandar busta a tsare take, ba inda za ta. Na mota marar busta rami ne mai zurfi, sau da yawa da zobe ko roba da ke riƙe kan sanda. Idan ka ɗauki mai ɗan lotsawar nan ka haɗa shi kai tsaye da feda, ranar da ƙafarka ta zame feda ta yi tsalle baya, ko takalminka ya ɗago ta daga ƙasa, sanda za ta fice ta faɗi. Taku na gaba feda za ta tafi ƙasa ba tare da ta taɓa komai ba. Don haka ko dai masta mai zurfin rami da mariƙi, ko a yi wa feda matokari mai ƙarfi a sama wanda zai hana ta dawowa fiye da kima. Ni na fi son a yi duka biyun. Gwajinsa mai sauƙi ne: sa hannu ka ja feda sama da iya ƙarfinka, ka leƙa ka ga ko sanda ta motsa daga mazauninta.

Tsawon sandar shi ma sai an daidaita. Idan ta yi tsawo tana danne fistin ko ba a taka ba, robar fistin za ta rufe ɗan ƙaramin ramin da mai ke komawa kofi ta cikinsa. Mota za ta tashi lafiya, bayan tafiyar wasu kilomitoci mai ya yi zafi ya kumbura ya rasa hanyar komawa, birki ya fara riƙewa da kansa, ka ji wari, ka ga hayaƙi a taya. A bar ɗan sako-sako kamar milimita 1 a bakin sanda, wanda zai zama kamar 6 a feda. Kuma tunda an matsar da ramin fil sama, masta ma sai ya hau sama daidai da shi, don sanda ta shiga a miƙe. In ta shiga a karkace, tana goga fistin da bango ɗaya na ramin, ba a jima ba roba ta cinye, mai ya fara tsiyaya ta baya. Farantin da za a ɗaura masta a kai ya zama mai kauri, a ɗaure shi tare da ƙarfen da ke riƙe feda, domin kilo 270 na turawa a wurin, kuma langa-langar bangon inji tana lanƙwasawa ta cinye tafiyar feda. Huda feda kuwa aikin injin huda ne a kan benci. Ba na son ganin an yanke feda an yi mata ƙari da walda a bakin titi.

Sauran ƙananan abubuwa ba su da wuyar faɗa. Masta na mota mai ganga yakan zo da ɗan bawul a bakin fita da ke riƙe psi 10 a layi don robobin silindar taya su zauna a miƙe. In ka haɗa wannan baki da kalifa, fad zai riƙa goga faifai. Kalifa ba ta son komai, sai idan masta yana ƙasa da ita, a ƙarƙashin dandamali, sai a sa mai psi 2. Bawul ɗin da ke rage wa tayoyin baya matsi dole ya zauna, in ba haka ba baya zai riga gaba kullewa, mota ta juya. A kula wane baki ne na gaba wane ne na baya, domin ba duk masta ne suka jera su iri ɗaya ba. A kula da zaren noti: 3/8 na inci yana shiga ramin milimita 10 har ya yi kamar ya ɗauru, sai matsi ya zo ya tsige shi. Bakin fayif ma iri biyu ne, mai buɗewa kamar kakaki da mai dunƙulewa, kowanne da mazauninsa. A cire wa masta iska a kan benci kafin a ɗaura. A zuba man birki mai lamba DOT 3 ko DOT 4 daga sabuwar gora. Na farko yana tafasa a digiri 205, na biyu a 230, kuma dukansu suna shan danshi idan an bar su a buɗe. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da su.

Motocin tsere sukan bi wata hanya, masta biyu a gefen juna da sandar raba ƙarfi a tsakani, irin waɗanda Tilton da Wilwood da AP Racing ke yi. A nan ƙarfin ƙafa rabuwa yake gida biyu, don haka kowane masta sai ya ƙara ƙanƙanta, 5/8 ko 3/4. Kada wani ya ji ɗan tsere ya ce 3/4 yake amfani da shi ya kwaso lambar ya kawo wa masta mai gida biyu a jere.

Duk da wannan dogon bayani, akwai motocin da ba zan ba kowa shawarar ya cire musu busta ba. Bas mai ɗaukar fasinja, a-kori-kura mai dakon buhuna, jif mai nauyin tan biyu da manyan tayoyi, da duk motar da ke da ABS, wato na'urar hana tayoyi kullewa, da na'urar hana zamewa. Nauyi yana ƙara aikin birki kai tsaye, babbar taya tana ƙara wa mota galaba a kan faifai, kuma akan kai inda babu haɗin feda da masta da zai ba da ƙarfin da ake so ba tare da tafiya ta ƙure ba. A irin waɗannan a gyara bustar. Sau da yawa ma ba ita ce ta mutu ba: tiyo ne ya tsage, ko ɗan bawul ɗin roba da ke bakinta ya daina riƙe iska. A motocin dizal, da yake injinsu ba ya zuƙar iska irin ta fetur, famfo ne ke yi mata aiki, a tsofaffin Hiace da Hilux yana manne a bayan altaneta, kuma shi ya kamata a fara zargi. Wanda matsalarsa kamshaf ce yana iya sa famfon iska na lantarki, ko irin bustar da ke aiki da man sitiyari. A-kori-kurar kawuna a ƙarshe busta 'yar Kwatano muka samo mata, muka mayar da mastanta na asali.

Idan motar mai sauƙin nauyi ce kuma an yanke shawara, to bayan an gama ɗauri a nemi agogon auna matsi mai kai psi 1,500 ko fiye, a ɗaura shi a mazaunin nonon cire iska na kalifar gaba, wani ya taka da irin ƙarfin da ya ji a sikeli. Allura ta haura 800, feda kuma ta tsaya da sauran rata mai yawa tsakaninta da ƙasa. A riƙe takun na rabin minti. In feda tana nitsewa a hankali, akwai yoyo ko robar masta na ba da hanya. Sannan a sassauta nonon baya don a kwaikwayi fashewar fayif, a taka a ga ko gaba zai kama kafin feda ta taɓa ƙasa, a ɗaure, a sake cire iska, a yi wa gaba haka. Daga nan sai fili marar mutane, da safe, a fara da gudun kilomita 20, a hau 40, a hau 60, ana duba cewa tayoyin gaba ne ke fara kuka kafin na baya, ana taɓa kowane wili da bayan hannu a ji ko wani ya fi 'yan'uwansa zafi.